Dashe Bayan La'asar

Sallama gare ku masu karanta ni. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allah nan da ta rubuto cewa in daina kuka in yi istihara. Hajiya, na yi, sau uku ma. Ku kuma da yau kuka fara cin karo da ni, sunana Wasila, shekarata ashirin da huɗu, ina zaune a Damba cikin Gusau tare da Innata da yayana Mannir. Gobe Alhamis ake so in sa hannu a takarda, a cire ƙodata ɗaya a dasa masa. Shi ke nan maganar, ba wani kwana-kwana.

Mu mutanen Kekun Waje ne, can ƙasar Bunguɗu. Shekara uku ke nan da muka kwaso komatsanmu muka shigo gari, lokacin da kwana a ƙauye ya koma abin fargaba. Baba ya bar gonarsa da lambunsa na fadama, ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin haya yana kallon katangar maƙwabta daga safe har yamma. Bai cika shekara ba ya rasu, kuma babu wani ciwo da likita ya iya kama sunansa. In mutane suka tambayi Inna me ya same shi, amsarta ɗaya ce: "Malam bai kama ba." Maganar masu lambu ce. In ka tuge iri daga inda ka rene shi ka dasa a wani wuri, wani yakan yi yaushi kwana uku ya miƙe, sai a ce ya kama. Wani kuwa daga yaushin nan sai bushewa.

Inna dai ban san ko ta kama ba. Abin da na sani, ta mayar da tsakar gidan hayarmu lambu. Siminti ne malale, babu inda za ka soka ko tsinke, amma ta tara tsofaffin bokitai da fasassun robobi da buhunan siminti ta cika su da ƙasa da taki. Tattasai, attarugu, tumatur, zogale guda biyu a cikin rabin ganga. Matan layinmu suna zuwa roƙon ganye, su fita suna cewa 'yan ƙauyen nan ba su gajiya. Shekara uku, ba wadda ta taɓa kirana biki da sunana, sai dai a ce a gaya wa ɗiyar mai lambu.

Yaya Mannir shi ne babba, mu biyu kaɗai Inna ta tsira da mu cikin haihuwa bakwai. Mutumin da na sani yana saɓa buhun masara shi kaɗai yana waƙa, yanzu sau biyu a mako ake kai shi wankin ƙoda a dawo da shi kamar an matse tsumma. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga. Ruwan sha ma da ɗan kofi ake auna masa. Matarsa Habiba ta tafi Tsafe haihuwa tun kafin azumi, yaro har ya fara zama, iyayenta ba su ce ga ranar dawowarta ba, mu ma ba mu da bakin tambaya.

Da likitoci suka ce sai dashe, mutanen garinmu da wani bawan Allah suka ɗauki nauyin aikin, saura wanda zai bayar. Aka gwada Kawu Abdu, hawan jini. Lawwali ɗan baffanmu ya yi rantsuwa a tsakar gida cewa ko zuciyarsa ake so zai ciro, washegari aka ce ya bi motar shanu zuwa Legas. Ni da na raka Yaya Kano don in riƙe masa jaka, ni aka ɗebi jinina, ni kuma ya dace.

Ranar da sakamako ya fito, mun koma Kano har da Inna, likitar ta fitar da kowa ta rufe ƙofa. Mace ce mai ɗan jiki, da tabarau a kan hanci.

"Wasila, zauna. Waye ya ce ki bayar?"

"Ba kowa."

"Ba kowa, ko kowa da kowa?"

Na riƙa murza bakin hijabina.

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya lafiya lau in ya kula da kansa. Mace tana haihuwa, sai dai a riƙa sa mata ido sosai in ta samu ciki. Wadda aka cire ta tafi ke nan har abada. Shi kuma Yaya zai dawwama kan magani, domin jiki ba ya son baƙo, kullum neman hanyar korarsa yake, ko da daga jinin gida baƙon ya fito. Na ce a raina, ashe jiki ma Damba ne.

Sannan ta rage murya. "In ba ki so, ba sai kin yi faɗa da kowa ba. Ki gaya mini ni kaɗai. Zan ce musu bayan ƙarin bincike mun ga bai kamata a ɗauki taki ba, ba zan ƙara ko kalma a kai ba. Ba wanda zai san daga bakinki ya fito."

Wata biyu ke nan ina yawo da wannan magana a ƙirjina.

Tun a motar dawowa ranar Inna ta fara. Tun kafin mu kai Tsafe ta gaya wa duk wanda ke kujerarmu cewa ɗiyarta za ta ba ɗan'uwanta ƙoda. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Budurwa? Ba ta ko yi aure ba?"

Inna ta ce, "Yo mi na a ciki? Dashe na hwa sunka ce. Ba ki ga zogale ba? In kin sare reshe kin dasa, shi ya kama can, uwar ta toho nan. Wata shidda ta maida wata."

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na ga Yaya ya jingina kai da gilas, idonsa a rufe, yana ɗan murmushi. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin Sallah. Na mayar da bakina na rufe.

Daga ranar, duk wanda ya shigo gidanmu sai ya ji labarin zogale. Mai kawo mana ruwa ya ji, matar mai gidan haya ta ji, har malamin da ke zuwa yi wa Yaya addu'a. Abin ya riƙa ba ni haushi, amma bari in faɗa muku gaskiya tunda don ita nake rubutun nan: ya fi ba ni sanyi. In na ji zuciyata ta fara cewa, Wasila, uwarki ta ɗora ki a sikeli da ɗanta namiji ta ga wanda ya fi nauyi, sai in ce mata a'a, Inna ba ta sani ba ne. Da ta san ba ta dawowa, da ko kusa ba za ta bari a taɓa ni ba. Da wannan nake tashi, da shi nake wuni.

Yanzu bari in zo kan Tajuddeen, don na san saboda shi rabinku kuke nan.

Ina aiki a wani shagon zare da leshi a Sabon Gari, shi kuma shagonsa na gyaran keken ɗinki yana kallon namu. Kakansa daga Ilori ya zo da kan keke ɗaya a cikin akwati, ya zauna, ya haifi ubansa a nan, uban ya haife shi a nan. In kuna neman waɗanda suka kama, to su ne. Hausarsa ta fi tawa gogewa, har tsokanata yake wai in ce "lahiya" ya ji. Shi ne mutum na farko a Gusau da ya tambaye ni sunan garinmu kuma ya riƙe. An kai gaisuwa, an sa rana bayan babbar Sallah. Har na zaɓi kalar labule.

Ranar Asabar da hantsi saƙonsa ya shigo.

"Mama tana son ganinki gobe."

"Lafiya?"

"Lafiya. Ki zo dai."

"Tajuddeen, lafiya?"

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Can sai ga hoton hannu biyu na addu'a, shi ke nan.

Na sa atamfata ruwan ganye wadda ya ce tana yi mini kyau, na yafa farin mayafi, na ɗan zizara kwalli. Turare ma kaɗan na fesa, kada a ce na zo nuna kai. Inna ta tsinko tattasai masu kyau ta ƙulle a leda ta ce in kai wa surukata. Na hau kabu-kabu.

Alhaja, mahaifiyarsa, ta karɓe ni a falonta mai kujeru ruwan ƙasa da hoton Ka'aba a bango. Ta sa aka kawo mini lemo mai sanyi da cincin. Mace ce mai kirki, kada wani ya zage ta a ƙarƙashin rubutun nan. Sau biyu tana aiko wa Yaya da farfesu kafin a gaya mata an hana shi gishiri.

"Wasila, 'yata, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Mama."

"Allah ya ƙara sauƙi. Innarki ta ce mini abin yana tohowa." Ta gyara zaman ɗaurinta. "Na yi murna. Sai na tambayi Lami, nas ɗin nan ta gidan baya. Lami ta kalle ni kamar na zare."

Na sunkuyar da kai.

"Ke kin sani?"

"Na sani, Mama."

"To." Ta daɗe tana kallon ledar tattasan a kan tebur. "Ba zan ce kar ki taimaki ɗan'uwanki ba, ina tsoron Allah. Amma Tajuddeen shi kaɗai ne namiji gare ni. Na binne ƙanwata a kan haihuwa, da ƙodarta biyu cif. In kin bayar, a dakata da maganar ranar nan."

"Har yaushe, Mama?"

"Har mu gani."

Duk macen da ke karanta wannan ta san tsawon "har mu gani". Na shanye lemon don kada ta ce na yi fushi, na yi godiya, na fito.

Yana tsaye a bakin get da rigar aikinsa mai tabon man keke. Ya rako ni har titi. Sai da na ɗaga hannu zan tsayar da kabu-kabu ya ce, "Ki yi abin da likitar nan ta ce mana."

Shi kaɗai na taɓa gaya wa maganar da likitar ta yi mini a ɓoye. Ranar na yi nadama.

"Ta ce mini dai."

"Wasila, ba laifi ba ne. Ita ta kawo hanyar da kanta. A ci gaba da wankin, Allah zai kawo wani. Ba wanda zai sani."

"Kai fa? Kai ba mutum ba ne?"

"Ni ai mijinki zan zama."

"Shi ya sa. In Yaya ya mutu, kullum na kawo maka abinci ka ɗago ka kalle ni, ka san abin da na yi."

"In kuma kika bayar wani abu ya same ki, ni in kalli wa?" Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ina sonki, wallahi. Ba zan iya tsallake maganar Mama ba, kuma ba zan iya cewa ki je a yanka ki ba. Ki gaya mini kafin Alhamis."

Kun ji. Kowa yana sona, kowa yana tsoron Allah, kuma kowa ya miƙo mini wuƙar ya koma gefe. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kan kabu-kabun nan ba, ga mutane cike da titi har ana gogar juna.

Kwana biyu ina juya abin. A ƙarshe na yanke shawarar ragwaye: zan gaya wa Inna gaskiya. Na san halinta. Za ta yi salati, ta ce ba da ita ba, ta hana. In ta hana, ba ni na ƙi ba, ba kuma likita ta yi mini rufa-rufa ba. Uwa ce ta hana, shi ke nan na huta.

Jiya Talata bayan la'asar na same ta a tsakar gida za ta yi dashen tattasai. Inna ba ta dashe da rana, sai ta yi sanyi, ta ce iri yana son ya kwana a sabon wuri kafin ya gamu da zafinta. Ta riga ta jiƙa kwandon renon tun azahar don saiwa ta fito ba gardama. Na tattare zanena na tsuguna kusa da ita. Tagar ɗakin Yaya tana bayanmu, labule a sake, na ɗauka barci yake don ranar an yi masa wanki.

"Ki ɗebo shi da ƙasatai," ta ce. "Kak ki kakkaɓe. Da ita zai gane wurin."

Na ciro ɗaya na miƙa mata. Ta huda ƙasar bokiti da yatsa, ta zaunar da shi, ta danna gefe da gefe.

"Inna."

"Na'am."

"Ƙodar nan ba ta tohowa."

Hannunta bai tsaya ba.

"Ba irin zogale ba ce, Inna. In an cire ta tafi. Da ɗaya zan zauna har in mutu. Likita ta gaya mini, Alhaja ma ta sani, ta ce in na bayar a ɗage aure."

Na jira salatin. Ta karɓi wani iri daga hannuna, ta tsinke ganyen ƙasa guda biyu ta yar.

"Na sani," ta ce.

Na zauna daɓas a kan siminti mai ruwa, atamfa da komai.

"Kin sani?"

"Shekara arba'in ina lambu, Wasila. Kin taɓa ganin an yanke ma akuya kunne ya toho? Ni ba mahaukaciya ba ta." Ta huda wani rami. "Tun kahin a ɗebi jininki nat tahi ni kaɗai nac ce su ɗauki tawa, su ɗauki duka biyun in suna so. Sunka ce sukari ya ci ta, ko kyauta ba ta yi."

"To me ya sa kike ta faɗa wa mutane..."

"Da wane baki kike so in hwaɗi?" Yanzu ta ɗago. Ban taɓa ganin fuskar Inna haka ba, ko ranar da aka fita da Baba. "Bakwai na haihwa, biyu anka bar min. An ce in ɗebi wagga in ƙara ma wanga. In tsaya gabanki in ce, ɗiyata, ba shi abin da ba ya dawowa? Bakina bai iyawa. Shi kau Mannir, rad da anka ce jininki ya dace, ce min yay yi gara a kai shi Kekun Waje a gina mai rami da a taɓa ƙanwatai. Sai da nac ce tana toho sannan yac ci abinci. Na hwaɗa don bakina ya iya hwaɗi, kunnenai ya iya ji."

Hawaye suna zuba a kan hannunta mai taɓo, ba ta share ba.

"Inna, ki ce mini wani abu. Ki ce in yi, ko ki ce in bari."

"A'a."

"Don Allah, Inna."

"Na ce a'a. In nac ce ki yi, na yanka ki. In nac ce ki bari, na binne shi. Ki shiga wurin likitan nan ke ɗaya. Abin da duk tah hito tac ce min, shi zan riƙa, ba ni tambaya tai har in koma ga Allah."

Ashe har ƙofar bayan da likitar ta buɗe mini ma ta san da ita, ko ta yi zato. Ta juya ta ci gaba da danna ƙasa. Ni da na zo a hana ni, sai ga shi an sake miƙo mini kayana, wannan karon daga hannun da na fi dogara da shi. Na so in ji haushinta, na nema ban samu ba. Tausayinta ne ya cika ni, da nawa, har na rasa wanda ya fi yawa.

Sai muka ji tari daga bayan labule.

"Wasila."

Ni da Inna muka kalli juna. Irin da ke hannunta ya faɗi.

"Wasila, taho."

Na wanke hannu a bokiti, na bar wayata a kan turmi, na shiga. Ɗakin yana warin magani da man zafi. Yana kwance a katifa, ya tokare da gwiwar hannu yana son tashi, ƙafafun nan a kan matashi. Kofin awon ruwansa yana gefe, saura ɗan kaɗan na ranar. Ban san iya abin da ya ji ba. Murya ƙasa-ƙasa muka yi, amma tagar ba ta da gilas.

"Zamna," ya ce.

Na zauna a bakin katifa.

"Ke kin yi boko, ni ban yi ba. Inna tsohuwa ta, tana iya ruɗewa. Ke ba ki taɓa yi min ƙarya ba tun kina goye." Ya kama wuyan hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau. "Ki dube ni. Abin ga, in an cire miki, yana toho ko ba ya toho?"

A tsakar gida wayata ta fara ruri, da kiɗan da na sa wa Tajuddeen shi kaɗai. Na san abin da zai tambaya. Na kuma san in na gaya wa Yaya gaskiya, shi zai hana da bakinsa, ya ba ni hutun da na fita nema, aurena ya tsaya a ranarsa, ba mai ganin laifina duniya da lahira. Kalma uku ce kawai.

Na dubi idon yayana. Shi ya goya ni ya tsallake rafi da ni ranar da muka baro gida, ina da shekara ashirin da ɗaya, don na gurɗe a ƙafa.

"Tana toho, Yaya," na ce. "Wata shida ta mayar da wata."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki hannuna a hankali, ya koma ya kwanta, ya juya fuskarsa bango.

"To," ya ce. "Allah shi yi miki albarka."

Wayar ta yi ta ruri har ta katse, ta sake ɗauka. Inna tana zaune dab da turmin, ba ta taɓa ta ba, ni ma ban fita ba.